Yadda Ake Zaɓen Fanel da Ɗaure Wayoyin Netwok Don Kada a Sake Kiranka Gyara

Idan a Agege kake kwana, aka kira ka daga wani ofis a Lekki cewa kwamfuta ɗaya ta daina ganin intanet, to yinin nan ya tafi ke nan. Ka sha gosulon gadar Third Mainland tafiya da dawowa, ka ƙona kuɗin mota, ka isa ka tarar silin waya ɗaya ne bai zauna da kyau ba a bayan fanel. Gyaran minti uku. Kuma ba wanda zai biya ka, tunda aikinka ne tun farko. Na yi irin wannan zirga-zirgar har na gaji, shi ya sa duk yaron da ya zo koyon aiki wurina nake fara zaunar da shi a bayan fanel kafin ya taɓa suwic ko rauta, na'urorin da ke raba netwok da intanet ga kwamfutoci.

Fanel ɗin da nake nufi shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira faci-fanel, kuma ba ruwansa da facin taya. Allon ƙarfe ne mai ramuka a gaba, wayoyin da suka fito daga ɗakuna suna ƙarewa a bayansa. Ba ya cin wuta, ba ya ƙara wa netwok gudu. Amfaninsa ɗaya ne: wayar cikin bango mai silin jan ƙarfe guda ce, mai tauri, ba ta son lanƙwasawa da cire-sa. Sai a ɗaure ta sau ɗaya a bayan fanel a manta da ita, duk wani canje-canje a riƙa yin sa ta gaba da gajerun wayoyi masu laushi. Wanda ya matsa kan RJ45, wato ɗan kan roba da ake cusawa a ramin netwok, a wayar bango ya cusa kai tsaye cikin suwic ya rage kuɗi a ranar, amma duk wanda ya buɗe akwatin ya ja waya ɗaya, sai ya girgiza goma.

Ka fara da wayar

Fanel mai tsada ba ya gyara muguwar waya, kuma a kasuwar Legas muguwar waya ta fi ta kirki saurin zuwa hannunka. Ko a Computer Village ta Ikeja ka je ko Alaba, za a nuna maka kwali mai mita 305, an rubuta darajar waya Cat6 ɓaro-ɓaro, har da sunan babban kamfani. Rubutun kwali ba shaida ba ne. Abin da ya cika kasuwa shi ne CCA, wato alminiyam aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama.

Ka ce mai shago ya yanko maka ɗan guntu. Ka fere sili ɗaya, ka kankare shi da reza. In farin ƙarfe ya bayyana a ciki, alminiyam ne. Ko ka kunna masa ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyam kuwa sai ya lanƙwashe ya zube. In kana da na'urar awon lantarki a jaka kuma bakin wayar biyu suna waje, ka auna turjiyar sili ɗaya. Ƙa'ida ta ce kada ya wuce om 9.38 a mita 100, ke nan cikakken kwali bai kamata ya haura om 29 ba. Kwalin ma da ka ɗaga za ka ji, na gaske ya fi nauyi sosai. In mai shago ya fara ɓata rai don ka ce za ka gwada, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.

Na taɓa karɓar gyara a wani ofishin masu fiton kaya a Apapa. Kyamarori takwas, uku na can ƙarshen gini suna ɗaukewa da an yi magariba. Alhajin da ke da wurin ya riga ya canza kyamarorin sau biyu. Da dare kyamara tana kunna fitilunta na gani a duhu, ta ƙara jan wuta, wayar alminiyam kuwa tana cinye wutar a hanya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kyamarorinka lafiyarsu ƙalau, wayar ce za a zare gaba ɗaya." Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ai da araha na same ta." Na ce ai shi ya sa.

Wannan maganar ta ƙara nauyi ne saboda PoE, wato tura wuta ta cikin wayar netwok. Ƙa'idar farko ta 2003 wat 15.4 ce, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 kuma har wat 90. Kyamara, wayar tarho ta tebur, na'urar Wi-Fi ta silin, duk a kan silin nan suke cin abinci.

Batun daraja kuwa gajere ne. Cat5e na ɗaukar gigabit ɗaya har mita 100. Cat6 ta fi ta kauri da tsabtar sigina, tana iya gigabit 10 a tazarar da ba ta wuce mita 55 ba. Cat6A ce ke kai gigabit 10 cikakkiyar mita 100, amma tana da kauri da taurin kai, tana cika bututu. Ofis, makaranta, otal, shago: Cat6 ta jan ƙarfe zalla ta wadatar.

Zaɓen fanel

Darajar fanel ta yi daidai da ta waya. Waya Cat6 a kan fanel Cat5e, layin ya koma Cat5e. Haka soket ɗin bango, haka gajerun wayoyin gaba.

Sai yawan ramuka. Ƙirga wuraren da za ka kai waya, ka ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, don ban taɓa ganin ofishin da bai ƙara tebur ba bayan wata shida. Wanda aka fi sani shi ne mai rami 24 a tsayin 1U, wato milimita 44.45, a faɗin inci 19 da yawancin rak, wato akwatin da ake ɗaura fanel da suwic a ciki, ke da shi. Akwai mai 48 a 2U. Akwai kuma mai 48 da aka matse a 1U, wanda ba na ba sabon hannu shawarar ya taɓa, yatsa ma ba ya shiga bayansa.

Iri uku za ka gani. Na farko mai haƙoran da ke cizon sili a manne a baya, duk ramukan a jikin allo ɗaya. Ya fi araha, ya fi yawa a kasuwa, yana aiki lafiya. Aibinsa shi ne in rami ɗaya ya mutu, ya mutu ke nan, kuma in kana gyaran waya ta 13 kana takura wa ta 12 da ta 14. Na biyu fanko ne mai tagogi, kai ke ɗaure kowace waya a kan ɗan soket ɗinta da ake kira kiston, sannan ka danna shi cikin taga. Shi na fi so, ko da ya ɗan fi tsada. Kana ɗaurewa a tsaye a gaban rak da haske a kanka, ba ka sunkuya a lungu ba. In ɗaya ya lalace ka cire shi kaɗai. Na uku mai rami gaba da baya, ka matsa kan RJ45 a wayar bango ka cusa ta baya. Yara suna son sa don sauri, amma ya ƙara mahaɗa, kuma ya mayar da kai ga matsa kai a waya mai tauri, abin da aka sayi fanel don a guje masa.

Kafin ka biya, ka juya shi. Akwai sandar ƙarfe a baya da za ka ɗaure wayoyi a kanta? In babu, nauyin wayoyi 24 zai rataya a kan haƙora. Ka leƙa cikin ramuka ka ga ƙusoshin takwas sun miƙe a jere suna ƙyalli. Ka ɗauki gajeriyar waya ka cusa a ramuka uku ko huɗu, ka ji ta yi ƙas ta kama, ba ta rawa. Ka duba takardar launuka tana nuna tsarin jera sili biyu, A da B, a fili. Ka kuma tambayi irin bakin abin dannawa da haƙoran ke karɓa, 110 ne ko Krone, don su biyun ba ɗaya ba ne. Wasu fanel suna karɓar duka biyun, wasu a'a, kuma in ka danna da bakin da ba nasa ba sai haƙoran su buɗe su daina cizo.

Za a yi ta tallata maka fanel da waya masu sulke, a ce sun fi. Sulke yana amfani a masana'anta ko kusa da manyan injina, amma sai in waya, kiston da fanel duk masu sulke ne, kuma an haɗa rak ɗin da wayar ƙasa ta gaske. Gidaje nawa ne a garin nan wayar ƙasarsu ke aiki? In ba ka auna ka tabbatar ba, marar sulke ta fi maka kwanciyar hankali.

Wurin rak ma zaɓi ne. A Victoria Island da Lekki iskar teku mai gishiri ce, ga laima shekara zagaye, ƙusoshin soket mai arha sai su yi kore. Ka sayi soket masu murfi, ramukan fanel da ba a amfani da su ka toshe. Kada ka kafa akwati a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wata rana za ta yi yoyo. A ƙasan bene kuma ka ɗaga shi sama da bango, duk wanda ya ga ruwan Yuni da Yuli a unguwannin nan ya san dalili. Ka auna zurfin suwic kafin ka sayi akwatin, mai milimita 450 ba kowane suwic na PoE ke shiga cikinsa a rufe ƙofa ba.

Jan waya

Daga fanel zuwa soket ɗin bango kada ya wuce mita 90. Sauran mita 10 na gajerun wayoyi ne, na rak da na tebur a haɗe. A jikin wayar akwai lambobin mita, ka karanta na farko da na ƙarshe ka debe, ba sai ka yi ƙiyasi ba.

Ka rubuta lamba a bakin biyu kafin ka ja, da alƙalamin maka marar gogewa, nesa kaɗan da inda za ka yanke. A ja a hankali, mutum ɗaya na ja, ɗaya na sakin waya daga kwali. Ƙarfin ja kada ya wuce kamar nauyin kilo 11. In ta cije, a koma a duba, kada yaro ya sa ƙafa a bango ya fizga. Kwana kada ta kai matsewar da ta gaza ninki huɗu na kaurin wayar, in kuma ta ƙulle ta karye a wani wuri, miƙar da ita ba ya mayar da murɗin ciki yadda yake.

Kada ta shiga bututu ɗaya da wayar wuta, ko da mai wayarin ya rantse maka ba komai. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. A cikin silin ka sa ta a bututu saboda ɓeraye. Tsakanin gini da gini kuwa ina ƙin jan ƙarfe gaba ɗaya, tsawar damina ɗaya tana iya bin sa ta ƙona suwic a gefe biyu. Nan wurin faiba ne, wayar zaren gilashi mai aiki da haske.

Ka bar rara: mita biyu zuwa uku a naɗe a wajen rak, kamar santimita 30 a bayan soket.

Ɗaurin kansa

Nan ne aikin yake. Kayan da za ka ajiye a gabanka: abin fere riga, ƙaramin almakashin waya, abin dannawa mai sifirin da muke kira fanca, maɗaurin mannewa, testa, da fitila mai kyau. Kada ka ɗaure fanel da hasken waya a baki. Fari mai ratsin ruwan lemo da fari mai ratsin ruwan ƙasa kusan ɗaya suke a duhu.

Ka yanke shawara tun kafin waya ta farko: A ko B. Babu wanda ya fi wani gudu, bambancinsu kawai kore da ruwan lemo ne suka yi musayar wuri. Yawancin ayyukan da nake tararwa a Legas B ne, ni ma shi nake bi. In ginin na da tsohon aiki, ka buɗe soket ɗaya ka bi abin da ka gani. A tsarin T568B jerin a kan RJ45 daga 1 zuwa 8 shi ne: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Ka haddace shi, amma kada ka kai haddar bayan fanel. Kowane kamfani da yadda ya jera haƙoransa, don haka takardar launin da ke manne a wurin ita za ka bi, layin B, kowane lokaci.

Ka kawo wayoyin a jere bisa lamba, rabi ta dama rabi ta hagu, kowace ta isa raminta ba tare da ta hau kan 'yar'uwarta ba. Ka auna, ka yanke rarar da ta wuce.

Ka fere riga kamar santimita huɗu zuwa biyar. Zagaye ɗaya ya isa, ka lanƙwasa rigar ta tsage da kanta. Sannan ka duba silin a daidai inda wuƙa ta bi. In ka ga ƙyallin jan ƙarfe ko ɗan rauni, ka yanke ka sake. Silin da aka ji wa ciwo yana wuce gwaji yau, ya karye bayan wata uku. Ka yanke zaren ciki, in Cat6 ce ka yanke robar tsakiya mai kama da gicciye daidai bakin riga.

Yanzu ga tagwaye huɗu a hannunka, kowace biyu a murɗe. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar da ke shigowa daga waje da wadda tagwaye ke yi wa juna. Ƙa'ida ta ce kada warwarar ta wuce milimita 13, a Cat6 ma gara ka yi ƙasa da haka. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a hannun masu koyo: su warware duka takwas su miƙar kamar tsintsiya don aikin ya yi kyan gani. Kada ka warware. Ka kawo bakin riga dab da haƙora, ka ɗauki tagwaye ɗaya a murɗenta, ka ɗan buɗe ido ɗaya na murɗin a daidai inda tsinin roba yake, ka zaunar da ita a kai, sili ɗaya ya faɗa dama ɗaya hagu. In launin ya zo a juye, ka ƙara rabin murɗi, kada ka rage. Ba a fere silin, haƙoran ne ke yanka robar su ciji ƙarfen.

Ka zaunar da duka takwas da yatsa, ka tsaya ka karanta launukan da takarda sau ɗaya kafin ka danna ko ɗaya.

Bakin fanca gefe ɗaya ne ke yanka. Gefen nan ya kalli waje, wajen rarar da za a zubar. Kowa a sana'ar nan ya taɓa juya shi ya datse wayar da kansa, sau ɗaya ya isa darasi. Ka riƙe fanca a miƙe, ba a karkace ba, ka danna har ta yi ƙara. In tana da maɓallin ƙarfi, ka fara da na ƙasa. Rarar ta faɗi da kanta ko ta rage a rataye ka cire da yatsa. Ka duba silin ya kai ƙasan ramin. Kada ka yi amfani da sukudireba ko bayan wuƙa, suna buɗe haƙora. In kiston ne, ka ɗora shi a kan katako ko ɗan mariƙinsa, ba a tafin hannu ba, sannan ka rufe masa hularsa.

In ka yi kuskuren launi, ka zare, ka yanke wurin da haƙori ya riga ya ciza, ka sake da sabon wuri. Rarar da ka bari ta nan take biyanka.

Kana gama kowace waya ka ɗaure ta a sandar baya. Maɗaurin mannewa ya fi na roba mai haƙori. In na robar kaɗai ke gare ka, ka bar shi yana iya juyawa da yatsa. Wanda aka ja har rigar waya ta shaƙe ya matse tagwayen ciki.

A ɓangaren bango haka za ka maimaita, tsarin B, warwara kaɗan, a naɗe rarar a hankali cikin akwatin soket ba a cusa ta da ƙarfi ba.

Gwaji

Ni kan gwada wayoyi huɗu na farko kafin in ci gaba. In hannuna ko takardar fanel na da matsala, gara in gane a ta huɗu da in gane a ta 48.

Ƙaramar testa mai fitilu takwas tana nuna maka sili ya yanke, ya haɗe da wani, ko ya sauka a ramin da ba nasa ba. Fitilun su bi 1 zuwa 8 a gefe biyu, ka sa yaronka ya karanta maka nasa gefen da baki ta waya, kada ya ce maka "ya yi" kawai. Amma akwai abin da ba ta gani. In aka ɗauki sili daga tagwaye ɗaya aka haɗa da na wata, kuma aka yi kuskuren iri ɗaya a bakin biyu, fitilu za su jeru lafiya alhali layin ya lalace. Ba ta kuma gane warwarar da ta yi yawa, ko wayar alminiyam.

Shi ya sa bayan testa nake kunna suwic na gigabit in zaga da laftof rami-rami. Ya nuna 1000. In ya tsaya a 100, akwai magana, domin gudun 100 tagwaye biyu kawai yake bukata, lemo da kore, gigabit kuwa sai duka huɗun. Ka fara duba shuɗi da ruwan ƙasa. A layukan da suka fi tsawo ina tura kaya tsakanin kwamfuta biyu da manhajar gwada gudu ta iperf3, lafiyayyen layin gigabit yana ba da kusan megabit 940. Layin kyamara kuma a bar ta a kunne ta kwana kafin a ce an gama.

In aikin banki ne ko babban kamfani da zai nemi takardar shaida kan kowane layi, sai na'urar tantancewa irin ta Fluke. Tana da tsada, yawancinmu haya muke yi ko mu kira mai ita. Ka sa kuɗin cikin lissafi tun wajen ciniki.

Gajerun wayoyin gaba ka sayi na kamfani, masu silin laushi, daidai tsayin da ake bukata. Mai mita uku a inda rabin mita ya isa shi ke mayar da rak kamar taliya.

Saura lamba. Abin da ke kan ramin fanel shi ne zai kasance a kan soket ɗin bango, harafi da harafi: bene na 2, fanel A, rami 07, sai ka rubuta 2A-07 a duka biyun. Da na'urar buga lamba, ba da biro a kan salatif ba, laimar garin nan tana ɓare shi kafin shekara. Ka zana taswirar ɗakuna da lambobinsu a takarda ɗaya, ka sa a leda ka manna a cikin ƙofar rak, ka ba mai wurin kwafi. Kafin ka ɗaure fanel a jikin rak ka ɗauki hoton bayansa, ka ajiye a wayarka da sunan wurin da kwanan wata. Ranar da aka kira ka daga Lekki, sai ka buɗe hoton kana zaune a Agege, ka ce wa mai gadin ofis ya zare gajeriyar wayar da ke rami na 7 ya mayar da ita na 19 da ka ɗaure wa wayar ajiya, ya kuma mayar da wayar kwamfutar soket mai lamba 19, ya gaya maka ko fitila ta kama.